Sabuwar Manhaja da Wasiƙar Malam Idi

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina cin abinci da yatsuna goma, ban taɓa saukar baƙo mara kunya irin wanda aka sauke mini a cikin kwamfuta bana da kaka ba. Shagona ɗan mitsitsi ne, a jingine da katangar tashar mota a Birnin Kudu, in mutum biyu suka shiga sai na ukun ya turo kansa ya bar sauran jikinsa a rana. Aikina buga takardu: ta neman aiki, ta sayen gona, katin suna, sanarwar taron direbobi, da wasiƙun mutanen da suka iya magana amma alƙalami bai karɓe su ba. Tsohuwar manhajar da ke tafiyar da akwatin, wato kwamfutar, mun saba da juna kamar jaki da hanyar gida. Na san inda komai yake ko idona a rufe, kuma bayan azahar sau tari a rufen yake. Sai aka wayi gari ta fara aiko mini da saƙo kullum, wai kwananta ya ƙare, masu ita sun daina kula da ita, in koma sabuwa. Na ce to, ni ma masu ni sun daɗe da daina kula da ni, ga ni nan ina aiki.

Nura ne ya fi ƙarfina. Ɗan yayata ne, magidanci mai 'ya'ya uku, yana gyaran kwamfuta a Dutse, ana ce masa Injiniya, shi ma ya yarda. Ya zo da wata 'yar filasha da ba ta kai ɓarin goro ba, ya ce a cikinta sabuwar babbar manhajar take.

"Kawu, ita duniya ke yayi yanzu."

"Duniya ta yi yayin wando mai faɗin ƙafa ma. Ina yake?"

"Idan ka ƙi, wata rana cuta za ta shiga akwatin nan ta cinye maka komai."

"Ai ita ma wannan da ka kawo ban ga takardar asibitinta ba."

Ya yi dariya, ya soka abinsa. Daga hantsi har la'asar wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna zagaye a fuskar kwamfutar, janareta yana shan mai kamar raƙumin da ya tsallako hamada. Da ta farka sai ta hau ni da tambayoyi. Sunana, lambar wayata, ranar da aka haife ni, wadda ko Inna da ta haife ni ba ta riƙe ba, har tana neman in kawo fuskata ta gani don ta riƙa gane ni. Ranar da na je neman aure ba a tatse ni haka ba, alhali can mutum aka ba ni.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, tana da kyau. Ta buɗe da wani shuɗi mai naɗe-naɗe kamar ɗaurin ɗankwalin 'yan biki, kusurwoyin komai an goge musu kaifi, ƙararta tattausa kamar an taɓa kwano da cokali a maƙwabta. Amma kyan ɗan maciji ne. Madannin da nake fara komai da shi, wanda tun da na san kwamfuta yake ƙasa ta hagu, sai ga shi a tsakiya, kamar ka dawo daga gona ka tarar an ɗauke ƙofar zaurenka an kai ta bayan gida. Kwana uku hannuna yana zuwa tsohon wurin yana dawowa da kunya. Firintata da muka yi shekaru tare, ta kalle ta ta ce ba ta san ta ba, sai da Nura ya yi musu sulhu. Sannan akwai wani mai shisshigi a gefe, wai in faɗa masa abin da nake so ya rubuta mini wasiƙar da kansa. Na ce Nura ya tambaye shi ko zai karɓi shagon gaba ɗaya, ni in koma sayar da rake. Duk wannan da na haɗiye shi da ruwan sanyi, domin tsufa ma haka yake sauya wa mutum wurin kaya ba da izininsa ba. Abin da ban haɗiye ba yana gaba, kuma ba za a gane shi ba sai an san inda na koyi sana'ar.

A Gwaram na koye ta, lokacin ko jiharmu ba a yanka ba, a hannun wani dattijo, Malam Buba mai tafireta. Teburinsa a gindin durumi yake, ranar kasuwar garin Sara kuma mu ɗaure tafiretar a bayan keke da tsohuwar roba, shi yana tafe da sandarsa, ni ina turi ina gumi. Har yau in na rufe ido ina jin ta: kwas-kwas-kwas, sai 'yar ƙararrawa ta ce tin a ƙarshen layi, sai ya mari kanta ta koma farko. Ana jiyo ta daga layin masu tukwane, kuma na rantse akwai jakunan da suka koyi tafiya da kiɗanta. Aikina da safe in goge haƙoranta da tsohon buroshi da kananzir, in juya zaren tawada idan gefe ɗaya ya dushe, in shimfiɗa tabarmar masu jira. Tabarmar nan Malam Buba da ƙafarsa yake auna nisanta, taki goma sha biyu daga tebur, ba ragi. Mai wasiƙa shi kaɗai yake matsowa, ya tsuguna, ya kawo baki kusa da kunne. Tsohuwa za ta zo da saƙo zuwa ga ɗanta soja, ta fara da gaisuwa ta ƙare da kuka, Malam bai ɗaga kai ba, yatsu na tafiya. In ta tashi, ko da ido ba ya nuna ya ji wani abu. Ya kan ce mini, "Kunnen ne naka. Maganar ta mai ita ce, aro ya ba ka." Yanzu kuwa mutum yana cikin mota cike da jama'a zai buɗe waya ya sanar da mu duka abin da likita ya gani a cikin surukarsa, ya sauka bai ko yi mana sallama ba.

Akwai kuma maganar kabon, wata baƙar takarda mai shuni da ake sawa tsakanin takardu biyu don rubutu ya fita sau biyu. In sabuwa ce, duk abin da aka buga yana zama a jikinta, ka ɗaga ta a rana ka karanta tas. Don haka dokar Malam Buba ita ce, duk wanda ya nemi kwafin wasiƙarsa ta gida, shi zai ɗauki kabon ɗin da hannunsa ya kai murhun Inna mai ƙosai, ya jefa, ya tsaya har ya cinye. Wuta ce mai ɗan kore-kore, da wari kamar an ƙona takalmi. Inna ta kan yi mita, ta ce asirin rabin ƙasar Gwaram a ƙarƙashin kaskonta ya ƙare, shi ya sa ƙosanta ya fi na kowa daɗi.

Wata ranar kasuwa wani manomi ya zo, ƙato, irin wanda in ana gayya makaɗa suke fara kiran kirarinsa kafin na kowa. Ya yi wasiƙa zuwa ga ɗan'uwansa a birni kan wata lalura da ke damunsa, wadda namiji ba ya so a sani. Ana gamawa aka kira salla, shi yana sauri, Malam yana sauri, aka miƙo mini kabon aka ce in kai wuta. Ina ɗan shekara goma sha tara, bakina ya fi ƙafata sauri, kuma ba ni da abin da nake so a duniya kamar in ga majalisa ta kwanta da dariya saboda ni. Tsakanin tebur da murhu na ɗaga takardar a rana. Da yamma na ba da labari, na ƙara masa gishiri, har da kwaikwayon tafiya. An yi dariya kuwa, har wani ya faɗo daga benci. Ba zan faɗi lalurar a nan ba. Na faɗe ta sau ɗaya, ya isa.

Kafin kasuwa ta zagayo yara sun mayar da ita waƙa. Kasuwar da ta biyo baya tabarmarmu babu kowa sai ƙudaje. Malam Buba bai doke ni ba, da ya doke ni da na ji sauƙi. Ya ce in tafi ƙauyen mutumin a ƙasa, ba da keke ba, in gaya masa da bakina. Na same shi a bayan gida yana tufka igiya. Na tsuguna na yi bayani. Bai daina tufkar ba. Can ya ce, "Ashe kai ne. Na zaci Malam ne, abin ya fi ci mini rai. Tashi ka je." A gayyar da aka yi da daminar nan makaɗa sun kira kirarinsa har sau uku, bai fito ba. Da kaka ya kwashe iyalinsa ya yi gabas, aka ce an gan shi wajen Basirka, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Barkwanci bai bar ni ba, kowa a tasha shaida ne, zan iya sa mai ciwon haƙori dariya. Amma tun daga ranar, abin da aka faɗa mini a bakin tebur ba ya bin ni majalisa. Da tafireta ta tafi kwamfuta ta zo, sai na mayar da murhun Inna cikinta: in na buga wa mutum wasiƙa, a gabansa nake goge ta, in nuna masa wurin babu komai.

Mutum ɗaya ne ya hana ni gogewa. Zan kira shi Malam Idi, ba sunansa ba ne, kuma sai da ya yarda kafin na rubuta wannan. Dattijo ne manomi daga ƙauyen Unguwar Ya. Shi da ƙanensa Alhaji Sabo, shugaban direbobin tasharmu, shekara bakwai ba sa ga-maciji, saboda wata magana mai ɗaci da Malam Idi ya yaɓa masa a gaban mutane ranar rasuwar mahaifiyarsu. Ya zo ya ce wasiƙar ban haƙuri yake so. Na ce ga waya a aljihunsa, ga tashar ma taki ashirin. Ya ce, "In na buɗe baki a gabansa, bakin zai riga hankalin. Shi ya ja mini tun farko." Muka rubuta, na karanta masa, ya karɓa ya ninke. Ya ce kar in goge, akwai kalmar da ba ta kwanta masa ba, zai dawo. Ya dawo bayan mako, muka sauya kalma, ya karɓa ya tafi. Ya sake dawowa. Sau uku ke nan, kuma kullum ta bayan tasha yake zagayowa. Ni kuma na sa wa wasiƙar suna a kwamfuta yadda zan gane, Malam Idi zuwa ga Sabo, na cusa ta a jaka cikin jaka cikin jaka, inda ko aljani sai ya yi tambaya kafin ya kai. A tsohuwar manhaja ta yi kwanciyarta lafiya.

Kwana huɗu da saukar baƙuwar, Alhaji Sabo ya shigo a buga masa sanarwar taro. Mutum ne mai jiki, in ya shigo shagon haske yakan fita. Ya tsaya a bayana yana faɗa, na kai hannu na danna madannin nan na tsakiya. Sai ta baje mini wani faifai, wai ga abubuwan da na buɗe kwanan nan, ko zan so in koma musu. Na farko a jerin, da manyan baƙaƙe kamar allon talla: Malam Idi zuwa ga Sabo. Alhaji ya yi makarantar boko, idonsa kuma na direba ne.

"Tsaya, Malam Akawu. Mene ne wancan?"

"Aikin wani ne, Alhaji."

"Aikin wani da sunana a jiki? Ƙarata zai kai? Kan gonar fadama ce ko?"

"Ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba."

"Wato ka sani."

"Ni na buga, yaya ba zan sani ba? Faɗa ne ba zan yi ba."

"Buɗe."

"Alhaji, ka ce in buga maka sanarwa da Larabci ma zan gwada. Wannan kam a'a."

Kafin ka ce kwabo direbobi sun cika ƙofa, don a tasha hayaniya ta fi mai kiran fasinja tara mutane. Wani ya ce, "Malam Akawu, buɗe masa mana, ai sunansa ne a kai." Na ce sunan Kano ma yana jikin motarsa, amma Kano ba tasa ba ce. Aka yi dariya, Alhaji bai yi ba. Ya sunkuyo har ina jin turarensa.

"Ka san katangar wa ka jingina da ita?"

"Taku ce, ranka ya daɗe. Da wasiƙar tawa ce kamar yadda katangar take taku, da tuni na ba ka."

"Rabin aikin da kake yi daga tashar nan yake fitowa."

"Ka rage, Alhaji. Kashi biyu cikin uku ne."

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: danni ɗaya ya rage. Da na danna, wannan ƙaton da ke huci a kaina da ya karanta layin farko ya nemi wurin zama. Babu ƙara a ciki, babu gona, sai wani tsoho da ke cewa ya yi kuskure. Da rigima ta mutu nan take, ni na zama gwarzo, shagona ya tsira. Yatsana har ya yi ƙaiƙayi. Amma mai maganar bai gama shawara da zuciyarsa ba, kuma ba akwati ne zai yanke masa ba, ba ni ba kuma. Na miƙa hannu bayan tebur na zare wayar wutar. Shuɗin ya mutu. Alhaji ya miƙe ya ce ya ba ni zuwa Juma'a in nemi wata katangar.

Na kira Nura na wanke shi tas. Ya ce, "Haba Kawu, ai ana kashe wannan, a wajen saiti yake." Ya bi da ni ta waya, ƙofa bayan ƙofa, sai a ta biyar muka iske ɗan madannin da ke sa ta yi shiru. Ya ce ai don sauƙaƙa wa mutane aka yi, mafi yawansu suna so. Na ce na yarda, wanda ya ƙera ta bai taɓa zama inda mutum yake tsaye a bayanka yana karanta fuskar akwatinka ba, kuma bai san ana rubuta abin da ba a gama niyyar aikawa ba. Amma mu da muka taso, shiru shi ne asali, magana ake nema da sallama. Wannan kuwa surutu ne asalinta, shirun ne sai ka bi ƙofa biyar kana roƙo. Na ce ya gaya mata, in yana da hanyar gaya mata, a shagon nan ni ne mai gida. Za ta zauna, tunda an ce babu komawa, amma za ta koyi ladabi ko ta kwana a kashe.

Saura abu guda, kuma shi ya fi nauyi. Sunan mutum ya fita daga hannuna, dole ya ji daga bakina. Washegari da hantsi na hau babur na nufi Unguwar Ya. Na iske Malam Idi a gona yana ɗaure dammunan dawa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na tsuguna na faɗa masa komai, ban rage ba, kuma a karo na farko a rayuwata ban ƙara ba.

"Ka buɗe masa?"

"Ban buɗe ba."

"Ya ce zai tashe ka?"

"Zuwa Juma'a."

Ya ƙarasa ɗaure damin da ke gabansa. Sannan ya ce, "Kai ma dai, Malam Akawu, da taurin kai kake. Da ka buɗe ai da ka hutar da ni."

"Ni bugawa nake, Malam. Kaiwa taka ce."

"To ga su, kai masa." Ya cire hula, ga takardu uku a ninke a ciki, sun sha gumi har sun yi launin shayi.

"Ba na aike. Amma babur ɗina yana ɗaukar mutum biyu."

Ya juya su a hannu kamar mai zaɓen iri. "Wacce ta fi?"

"Ta farko. Sauran biyun ragewa ka yi ta yi, ta ukun ma saura kaɗan ta zama shi ne ya yi maka laifi."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya mayar da biyu cikin hula, ya riƙe ɗaya. Ya wanke ƙafa a bakin rijiya, ya hau bayana. Duk hanya yana riƙe da rigata kamar zai yage ta. Na sauke shi a babbar ƙofar tasha, ta gaba, ba ta baya ba. Alhaji Sabo yana kan benci a cikin direbobi, ya hango shi, ya miƙe tsaye. Iyakar abin da na gani ke nan, don na juya babur na shige shago na ja labule. Abin da suka ce wa juna ban ji ba, da na ji ma ba za ku ji ba.

Juma'a ta zo ta wuce, babu wanda ya ce mini ci kanka. Ranar Asabar da safe haske ya fita daga shagon, na ɗaga kai, Alhaji ne da takardar sanarwarsa. Ya yi sallama, ya ajiye mini ƙullin goro a tebur, sannan ya juya wa kwamfutar baya, ya fuskanci titi.

"Malam Akawu, in ka gama rufe wa akwatin naka baki, ka gaya mini in juyo."